Wanda Ya Taɓa Na Ƙarshe

Ɗakinmu yana can bayan laburare, inda masu karatu ba sa zuwa. Tebur huɗu ne a ciki, da fanka mai kukan tsufa, da durowar katuna ta katako wadda aka rasa mai ɗauke ta saboda nauyi. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a teburin kusa da ƙofa ina rubuta wa littattafai bayaninsu: sunan marubuci, sunan littafi, inda aka buga shi, shekara, yawan shafi, tsayi. Wannan bayanin kati muke ce masa, ko da yake an daɗe da daina yanka kwali, komai ya koma cikin kwamfuta. Teburin kusa da fanka na matata ne. Aikinmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya, shekara ashirin da shida. Da ta rasu aka bar teburin wata uku don kara, sannan aka ɗora firinta a kai.

A kowane kati akwai gurbi guda a can ƙasa da ake kira bayanin gida. Doka ta ce a rubuta abin da ya shafi kwafin da ke hannunmu kawai: wane ne ya ba da shi kyauta, wane shafi ne ya yage. Ni iyakar abin da nake rubutawa ke nan. Matata kuwa ta mai da gurbin wurin hira. Ita tana karanta littafin kafin ta yi masa kati, abin da ake ɗauka ɓata lokaci ne a sana'armu. A ƙarƙashin wani ƙaton littafin ilmin ƙasa ta rubuta: "Babi na uku shi ne littafin, sauran cika takarda ne." A wani na tarihi: "Taswirar ƙarshe ta fi marubucin gaskiya." A wani na waƙoƙi: "Wani ya yi kuka a shafi na ɗari biyu da sha biyu, ko kuma rufinmu ne ke yoyo." Shugabanni uku sun yi mata magana a kan haka. Dukansu ukun sun tafi sun bar ta tana yi.

Wata Litinin Shugaba ta tara mu a ofishinta. Shugaba ta zo mana tana sabuwar ma'aikaciya, a hannun matata ta koyi aiki, har gobe Anti take ce mata. Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu, mutum mai tumbi da yawan fara'a ba gaira ba dalili, shi ya haska mana hoto a bango: da'ira huɗu sun hau kan juna.

Ya ce, "Waɗannan ukun kamfanonin da muke hayar littattafansu na intanet ne. Ta huɗun namu ne na takarda da ke jere a kanta. Inda kuka ga sun hau juna, littafi ɗaya ne muke da shi sau biyu, sau uku, wani ma sau huɗu. Ɗalibi ya nemi littafi guda, katuna huɗu su fito masa, ya rasa wanda zai danna."

Na ce, "Ya danna ko wanne. Ai ba karantawa zai yi ba."

"Malam ke nan!" Ya yi dariya shi kaɗai. "To dai na kwatanta su duka. Duk inda katuna suka yi karo za a haɗe su su zama ɗaya. Na kamfani ne zai tsaya, don shi ke ɗauke da mahaɗin buɗe littafin. Namu sai ya ba da lambar kanta ya kauce."

"Ya kauce zuwa ina?"

"Ya tafi dai."

"Da gurbin ƙasan?"

Injiniya ya dubi Shugaba. Shugaba ta dubi hoton bango kamar yanzu ta fara ganinsa. A ɗakin babu wanda bai san abin da nake tambaya ba. Kayanta na sawa an raba wa dangi, muryarta ba wanda ya naɗa, ita kuma ba mai rubuta wasiƙa ba ce, don kullum muna tare, wa za ta rubuta wa? Maganarta da ta rage a duniya tana cikin gurbin nan.

Shugaba ta ce, "Katunan Anti nawa ne suka faɗa cikin karon?"

Ya danna, ya danna. "Dubu huɗu da ɗari ɗaya da wani abu."

"Ba za a iya ware su ba?"

"Me zai hana? Kowane kati yana ɗauke da lambar ma'aikacin da ya taɓa shi na ƙarshe. Ita lamba goma sha ɗaya ce. Layi ɗaya zan ƙara: duk katin da goma sha ɗaya ce ta taɓa shi na ƙarshe, a tsallake shi. Shi ke nan. Malam, ka gode min mana."

Na ji wannan magana da kunnena. Ina faɗa ne don kada wani ya ce ba a gaya min ba. Ni na koya wa rabin mutanen ɗakin yadda lambar nan take aiki.

Aka sa mako uku kafin haɗewar. Shugaba ta sa aka turo min jerin katunan matata, ta ce, "Malam, ka duba su kawai, ko akwai wanda ya ɓace a lissafin." Alheri ta yi niyya. Na jera su bisa tsawon bayanin gida, masu dogon zance a sama, marasa komai a ƙasa, na fara daga sama.

Shekara biyu rabona da buɗe katinta. Na farko littafi ne a kan gina gadoji. Ta rubuta: "Marubucin bai taɓa tsayawa a bakin kogi ba, amma mai zanen ya tsaya. A kalli hotunan." Na sake karantawa. Fanka tana ta kukanta. Sai idona ya hau sama kaɗan, wurin tsayin littafi, na ga ta sa santimita ashirin da uku.

Dokar aikinmu ta ce idan littafi ya wuce cikakken santimita ko da da ƙwayar gashi ne, sai a rubuta na gaba. Ashirin da uku da ɗigo biyu, ashirin da huɗu ne. Duk duniya haka ake yi. Matata ba ta taɓa yarda ba. Takan ce, "Littafi yana ashirin da uku da ɗan tsiri, in ce ashirin da huɗu? Ƙarya zan yi masa?" Ni kuma in ce, "Ba ƙarya ba ce, doka ce. Don a san kantar da zai shiga ne." Ta ce, "To kai da dokar ku shiga kantar." Mun yi wannan faɗan a ofis, mun yi shi a mota, mun yi shi muna wanke kwanuka, har 'yarmu tana ƙarama ta ɗauka Santimita sunan wata mata ne. Ban taɓa cin nasara ba, ita ma ba ta taɓa ci ba. Abu ɗaya ta kafa min: "Kada ka taɓa min kati." Ban kuwa taɓa ba, tana da rai.

Na ɗauki rula na hau bene na biyu, na zaro littafin gadojin daga kanta, na auna. Ashirin da uku da ɗigo biyu.

Ga abin da na gaya wa kaina ina saukowa. Katunan nan za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da na kamfani, waɗanda na'ura ta goge su tas. Wata rana wani sabon shugaba zai zo, wanda bai san ta ba, ya buɗe ya ga kurakurai, ya ce wannan shara wa ya bar ta. Idan na gyara su babu mai samun abin faɗa. Kare ta nake yi. Hujja ce mai kyau, na kuwa yarda da ita nan take, kamar yadda mutum kan yarda da duk hujjar da ta ba shi izinin abin da ya daɗe yana so.

Na goge uku na sa huɗu. Na danna adana.

Daga nan aiki ya samu. Ba tsayi kaɗai ba ne. Ba ta ƙirga shafukan gabatarwa, wai ba wanda ke karanta su. Idan littafi yana da shekara biyu, ta bugu da ta sake bugu, takan ɗauki wadda ta fi mata kyan gani. Kowane kati sai na karanta maganarta tukuna, sau biyu, wani sau uku, sannan in ɗauki rula in hau bene. Gwiwoyina suka yi ta ƙorafi, ban saurare su ba. Ina isa ofis kafin mai shara, ina cin biredina a kan tebur. A littafin kiwon zuma ta ce: "Mai neman wannan ya duba na kusa da shi a kanta, ya fi shi." A wani na falsafa: "Na kai shafi na sittin. Wanda ya wuce nan ya zo ya ba ni labari." Wannan ya sa na yi dariya da ƙarfi har abokiyar aikinmu ta teburin tsakiya ta ɗago ta dube ni, don ba ta san ina da haƙora ba.

Ba zan ɓoye ba, makonni ukun nan su ne mafi daɗi da na yi tun da aka kai ta. Ita tana magana a ƙasan kati, ni ina gyara ta a sama, kamar da. Bambancin kawai yanzu ba ta mayar min da martani.

Injiniya ya leƙo wata rana ya gan ni da rula a aljihu. Ya ce, "Malam, tela ka koma?"

Na ce, "Wani a ginin nan dole ya san tsayin wani abu."

Ya yi dariyarsa ya wuce. Bai tambayi me nake aunawa ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba.

Ana saura kwana biyu 'yata ta kira ni. Ma'aikaciyar jinya ce, tana wani gari da mijinta da 'ya'yanta biyu, ta gaji bakin uwarta kaf.

"Baba, an ce ka tare a laburare."

"Wa ya ce?"

"Ina da mutanena. Ranar da za a yi abin nan na kwamfuta kana ina?"

"Ina teburina."

"Kana teburinka kana hararar bayin Allah suna aikinsu. Ka ɗauki hutu ka zo. Jikokinka sun fara tambaya ko kai ma ka rasu ne ba a gaya musu ba."

"Ki ce musu ana kan shirye-shirye."

"Baba!"

"To, to. Zan zo."

Gaskiya ba na son in ga ranar. Ko da an tsallake nata, katunana dubbai za su tafi, da na mutanen da na yi aiki da su suka mutu ko suka yi ritaya. Na rufe kwamfuta a kati na dubu ɗaya da ɗari tara da shida. Sauran na ƙasan jeri ne, yawancinsu ba ta ce komai a cikinsu ba, ban damu da ban kai gare su ba. Na ɗauki hutun kwana goma.

A gidan 'yata na kwana a ɗakin yara, a gadon da ƙafata ke leƙowa. Na gyara musu ƙofar kabad. Na ba ta labarin littafin falsafa da shafi na sittin, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wallahi Mama ke nan. Baba, ka bugo min su a takarda in ajiye." Na ce idan na koma. Ban taɓa tunanin bugawa ba. Mai aikin kati ba ya ajiye kwafin kati a aljihu, katalog ɗin, rumbun katunan duka, shi ne ajiyar.

Ranar da na koma, ban ko ajiye jaka ba na kunna kwamfuta na nemi littafin gadoji. Kati ɗaya ya fito, mai tsabta, da hoton bangon littafin, da mahaɗi shuɗi. Tsayi: ashirin da huɗu. Na gangara ƙasa. Babu gurbin bayanin gida. Na nemi na zuma. Na nemi na falsafa. Na nemi na waƙoƙi.

Ofishin Injiniya yana ƙarshen baranda, ɗaki mai sanyi kamar firiji. Na same shi yana shan shayi.

"A'a, Malam, sannu da dawowa! Ya yara?"

"Ka ce layi ɗaya za ka ƙara."

"Na ƙara mana."

"Ba ka ƙara ba."

Ya ajiye kofin. Ya juyo da allon wajena, ya nuna min layin da yatsa. Yana nan, daidai yadda ya faɗa. Ya ce, "An tsallake dubu biyu da ɗari biyu da wani abu. Na ma yi mamaki, na ga kamar sun fi haka a taron, amma na ce ko ni ne na manta." Ya nemi sunan littafi ɗaya, na ba shi na gadoji. Ya buɗe rahoton haɗewar, ya bi da yatsa, ya tsaya.

"Malam, wane ne lamba takwas?"

Ya ci gaba da karanta rahoton.

"An taɓa shi ranar huɗu ga wata, lamba takwas." Ya gangara. "Wannan ma takwas. Takwas. Takwas." Muryarsa tana raguwa da kowace takwas, har ya daina karantawa. Ya san lambar. Shi ya buga min ita a katin wuyana.

Na ce, "Kwafin ajiya."

"Kwana bakwai ake riƙe shi, Malam. Na takwas sabo ke hawa kansa." Ya ƙirga a yatsu, ko da yake ba sai ya ƙirga ba. "Da ka kira ni ranar Alhamis…"

"Da na kira ka in ce me?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. A karo na farko tun da na san shi ba shi da abin dariya. Ya ce bari ya rubuta wa kamfanin da ke riƙe mana na'urar ko da wani abu a wajensu. Ya rubuta. Bayan kwana huɗu suka amsa da ladabi mai yawa cewa babu.

Shugaba ta zo har teburina, ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Idanunta sun yi ja. Ta ce laifinta ne da ta ba ni jerin. Na ce ta bar wannan, laifi yana da mai shi, kuma lambarsa tana rubuce sau dubu ɗaya da ɗari tara da shida.

Ta ce, "Malam, kai ka karanta su duka kwanan nan. Ka rubuta waɗanda ka tuna, mu mayar da su. Zan sa a buɗe gurbin a sababbin katunan."

Na gwada. Na sayi littafin rubutu na zauna da shi kwana uku. Na tuno talatin da ɗaya. Da na sake karanta su sai na ga wasu ba haka ta faɗa ba. Na gadojin, na rasa ko cewa ta yi "bai taɓa tsayawa a bakin kogi ba" ko "bai taɓa ganin kogi ba". Waɗanda na kawo a farkon labarin nan ma ba zan rantse a kansu ba. Duk inda na manta kalma sai in sa tawa, tawa kuwa kullum ta fi tata tsari, ta fi tata sanyi. Na ga in na ci gaba, nan da wata guda zan cika katalog da maganata a ƙarƙashin sunanta. Na rufe littafin. Na gaya wa Shugaba a bar gurbin yadda yake.

'Yata ta kira ta tambayi takardun da na ce zan bugo mata. Na gaya mata abin da ya faru, tun daga rula har zuwa lamba takwas, ban rage komai ba. Na jira ta faɗi abin da uwarta za ta faɗa, na ma shirya masa. Sai ta ce, "Baba, ka ci abinci kuwa?" Wannan ya fi min ciwo.

Katuna dubu biyu da ɗari biyu sun rage, waɗanda ban kai gare su ba. Littattafan magudanar ruwa ne, da rahotannin taro, da jadawalin ƙididdiga, abubuwan da ko ita ba ta sami abin cewa a kansu ba. A cikin 'yan kaɗan akwai kalma biyu ko uku. "Bango ya saki." "Akwai ƙura." "Kwafi na biyu ya fi." Na buɗe guda ɗaya da safe, rahoton wani taro a kan rijiyoyi. Ta rubuta: "Ba laifi." A sama ta sa santimita ashirin da tara. Na san girman takardar rahotannin nan ba sai na hau bene ba, talatin ne. Na duba sai na ga hannuna ya riga ya kai kan madannai.

Na tashi na tafi ƙarshen baranda.

"Injiniya, za ka iya hana mutum ɗaya gyara wasu katuna?"

"Ana iyawa. Wa za a hana?"

"Lamba takwas. Duk katin goma sha ɗaya, ya iya buɗewa ya karanta, kada ya iya adanawa."

"Haba Malam, ai ba sai an kai ga haka ba. Yanzu ai ka sani."

"Da ma can na sani."

Ya dube ni, ya juya ga allonsa. Ya yi 'yan danne-danne, ya ce sai Shugaba ta sa hannu. Na ce ya buga takardar in kai mata da kaina. Ya aika ta firintar ɗakinmu, na koma na tsaya a gaban teburin kusa da fanka ina jira ta fito.